Yadda ake gwajin rabon kuɗi a ƙauye ba tare da an ɓata sakamako ba

Ɗaliban da ke zuwa ofishina da niyyar binciken adalci, rowa da kyauta kusan dukansu takardar tambayoyi suke riƙe da ita. "Shin kana taimakon maƙwabcinka?" To wa zai ce a'a? Ka zagaye Jega da Bunza da wannan tambaya, kowa mai kyauta ne a baki. Shi ya sa masu nazarin halayyar ɗan Adam da masana tattalin arziki suka koma sa wa mutum kuɗi na gaske a hannu su ga abin da zai yi da su. Zan bayyana yadda ake shirya irin wannan gwaji a ƙauyukanmu na Kebbi, domin waɗanda suka tsara shi a Turai ba su yi shi da dagaci da liman da kunyar suruki a zuciya ba.

Gwajin kansa ba shi da wuya. Werner Güth da abokan aikinsa biyu ne suka fara wallafa shi a Jamus a 1982. Mutum biyu ne, ba wanda ya san ko wane ne ɗan'uwansa. Ana ba na farko kuɗi a ce ya raba yadda ya ga dama. Na biyu ya karɓi abin da aka ware masa ko ya ƙi, in kuwa ya ƙi, su biyun duka sun tashi a tutar babu. A lissafin riba zalla, ko naira ɗaya aka ba na biyu ya kamata ya karɓa, tunda ta fi babu. Amma ɗaliban jami'a a Turai da Amurka yawanci kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari suke bayarwa, kuma in tayin ya gaza kashi 20, kusan rabin lokaci ana watsi da shi. Mutum ya gwammace ya yi asara da a raina shi. Akwai kuma ƙanin wannan gwaji, inda na biyu ba shi da ta cewa, abin da aka ba shi shi ke nan. Gwajin farkon yana haɗa adalci da tsoron a ƙi tayinka, ƙanin nasa ya fi kusa da auna kyauta tsagwaronta. Ina ba da shawarar a yi duka biyun, amma da mutane daban.

Dalilin da ya sa ya dace mu yi shi a nan kuwa, Joseph Henrich da abokan aikinsa sun kai gwajin ga ƙananan al'ummomi 15 a nahiyoyi daban-daban, suka wallafa a 2001, sai aka ga ba ɗaya ba ne. Machiguenga na ƙasar Peru kashi 26 suke bayarwa a matsakaici, kuma da wuya wani ya ƙi. Mutanen Lamalera na Indonesiya, masu farautar manyan dabbobin teku cikin ƙungiya, sun kai kashi 58. Au da Gnau na Papua New Guinea har tayin da ya wuce rabi sukan ƙi, saboda a wurinsu karɓar babbar kyauta ɗaukar bashi ne. Duk macen da ke biki a garin nan ta san wannan lissafi sarai: abin da aka kawo miki ranar suna yana jiran ranar da za ki mayar, har da ƙari.

Kafin ka taka ƙauye, ka samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku a rubuce. Daga nan sai hakimi, sai dagaci ko mai unguwa, sai liman. Kada ka tsallake liman, domin tambayar farko da za ta taso ita ce ko wannan caca ce. Amsarka ta zama a shirye: ba wanda ke zuba ko sisin kwabonsa, ba ƙuri'a, ba sa'a, kuɗin na makaranta ne, kuma kowa zai tafi da ladan zuwansa ko da rabon ya watse. In liman ya gamsu ya faɗa da bakinsa, rabin aikinka ya ƙare. Zato na biyu shi ne ɗan siyasa ne ya aiko ka rabon tallafi. Ka faɗa tun farko cewa mutum kaza za a ɗauka, ba za a sake zuwa da wasu kuɗi ba, kuma ba jam'iyyar da ke bayanka. Zaɓen mutane kuma kada ka bar wa dagaci, don 'yan gidansa da na hannun damansa zai jero maka, ba da mugun nufi ba. Ka rubuta gidajen unguwa, a ciri suna a gaban kowa.

Lokaci ma yana canza hannu. Ranar kasuwa ba za ka samu maza ba, tsakiyar damina kuwa zalunci ne ka zaunar da manomi wuni guda. Ni ban yarda a yi shi cikin azumi ba, sai in tasirin azumin ake son aunawa. Ka tambayi mutanen gari lafiyar hanya kafin ka tashi, musamman wajen Zuru da Danko-Wasagu, kuma kada ka sanar cewa rana kaza za ka shigo da jakar kuɗi.

Nawa za a sa? Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kimanin ladan aikin wuni ɗaya a wurin. Ka tambayi abin da ake biyan ɗan ƙwadago a dashen shinkafa a fadama, ka daidaita shi ya zama takarda goma iri ɗaya, misali 'yan ɗari biyar-biyar guda goma. Goma ta fi sauƙin rabo ga wanda bai yi boko ba, kuma kowace takarda kashi 10 ce a lissafinka. In kuɗin sun yi kaɗan mutane za su ɗauke shi shiririta, su bayar da rabi don su burge ka.

Bayanin da za a karanta wa mutane a rubuta shi, a karanta shi iri ɗaya ga kowa, ba ƙari ba ragi. Wani ya mayar da shi Hausa, wani daban da bai ga na asali ba ya mayar da shi Turanci, a gwada su biyun. Kuma Hausar wurin nake nufi. Dattijon Augie ko Gulma ba Hausar Kano yake yi ba, in kuma Bazabarme ne ko Bafulatani ko Badakkare, a nemo mai harshensa. Wannan ba tsirfa ba ce: Albert Costa da abokan aikinsa sun nuna a 2014 cewa in aka tambayi mutane ko za su ture mutum ɗaya ya mutu don a ceci biyar, waɗanda aka tambaya da harshen da suka koya daga baya sun fi cewa za su ture. Cikin bayanin kada a ji "ka taimaka masa" ko "ka yi adalci". Ka ce ga kuɗi, ga abin da zai biyo baya, shi ke nan. Misalan da za ka bayar su haɗa har da na bayar da takarda ɗaya da na bayar da tara, don kada a zaci rabi kake so.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne ido. Elizabeth Hoffman da abokan aikinta sun gwada ƙanin gwajin nan, wanda na biyu ba shi da ta cewa, a Amurka a 1994: da aka tsara yadda ko mai binciken ba zai san abin da kowa ya bayar ba, fiye da rabin mutanen ba su bayar da komai ba. To in haka ne a can, ina ga inda matashi ba ya iya ɗaga kai gaban dattijo? Saboda haka ka nemi aji biyu a firamaren garin. A tara kowa a ɗaya, da mataimaki mai hana hira kan rabon. Ana kiran mutum shi kaɗai zuwa ɗayan, a sake masa bayani, a yi masa tambayoyin gwaji: in ka ba shi uku ya ƙi, nawa za ka tafi da su? In ya kasa bayan an maimaita, a bar shi ya yi rabonsa a biya shi cikin mutunci, amma ka sa alama, kada ka haɗa nasa cikin lissafi. Sai ka juya masa baya, ya sa abin da zai bayar a ambulan mai lamba, babu suna. Wanda ya gama ya fita ta wata ƙofa, kada ya koma wurin masu jira. Ƙauye ɗaya a gama shi rana ɗaya, domin kafin sallar isha'i labarin ya gama gari. Mataimakin da ke zaune a ɗakin rabo kada ya zama ɗan garin. Matan kulle kuwa mace ce za ta yi musu, a gida guda, da izinin mazajensu da tasu yardar su ma. Mutane da yawa suna tsoron dangwala yatsa a takarda, saboda haka ka nemi kwamiti ya yarda maka da amincewar baki a gaban shaida.

Bayan an biya kowa, ka zauna da wasu ka tambaye su abin da rabon ya tuna musu. Jean Ensminger ta yi wani gwaji na zuba kuɗi a asusun gama-gari tsakanin Orma na Kenya, suka gane shi nan take da harambee, wato gudummawar da suke tarawa don gina makaranta ko hanya. Namu za su iya kawo gayya, adashi, rabon kifi tsakanin masunta ko rabon gado. Wani dattijo ya taɓa gaya mini da kansa cewa takarda ɗaya ya bayar cikin goma, kuma bai ga laifinsa ba: ai ushiri ya fitar, kamar zakkar geron da ruwan sama ya shayar. A teburin lissafi marowaci ne, a nasa ganin ya sauke haƙƙi. In ba ka tambaya ba, rowa za ka rubuta.

A rahotonka kuma kada ka ce "Hausawa" ko "mutanen Kebbi" alhali ƙauye biyu ka je. Ka rubuta yawan waɗanda suka shiga, maza nawa mata nawa, sana'arsu, nisan garin da kasuwa, watan da aka yi, harshen da aka yi bayani da shi, ladan wuni a lokacin, da adadin waɗanda ka cire saboda ba su fahimta ba.