Darasi na 11: Mai Sanda da Mai Lalita

Ga malami: Wannan darasi zai ci zama biyu. A zaman farko a yi karatu da hira, a na biyu a yi lissafi da rubutun wasiƙa. Kafin a buɗe littafi, rubuta waɗannan kalmomi a allo da manyan baƙaƙe, a biya su tare sau uku: GUNDUMA, SHERIF, KASAFI, SAMMACI, DIYYA, WAƘAFI. Kada ka yi saurin fassara su. Bari ɗalibai su fara faɗin abin da suka sani. Da yawansu sun girme ka, wani ma ya taɓa karɓar sammaci da hannunsa.

Karatu na farko: Wane ne sherif?

Ƙasar Amurka tana da jihohi 50. An raba kusan kowace jiha zuwa gundumomi, waɗanda su can suke kira kaunti. Jimillarsu ta haura dubu uku. Gunduma ta yi kama da ƙaramar hukuma a wajenmu, sai dai wata gundumar ƙatuwa ce. Gundumar Los Angeles ta jihar Kalifoniya tana da mutane kusan miliyan goma, da birane 88 a cikinta. A kanta za mu yi karatun yau.

A yawancin gundumomin akwai wani jami'i da ake ce wa sherif. Kada sunan ya ruɗe ku, ba shi da dangantaka da sharifai. Tsohuwar sarauta ce ta Ingila, ta wakilin sarki mai tara haraji da kama masu laifi, Turawa suka ƙetara teku da ita zuwa Amurka. Sherif yana da ma'aikata masu kaki da bindiga. Su ne ke sintiri a ƙauyuka da garuruwan da ba su da 'yan sandan kansu. Su ne ke tsaron kotu, su kai wa mutane sammaci. Babban aikinsu kuwa shi ne riƙon gidan waƙafi.

Mu ɗan tsaya a kan wannan kalma, don mun santa tun darasin alamomin rubutu. Waƙafi ita ce 'yar alamar da ke ce wa mai karatu ya dakata kaɗan, magana ba ta ƙare ba. Aya ce ke rufe magana. To haka mutumin da ke gidan waƙafi yake: shari'arsa ba ta kai aya ba. Alƙali bai ce ya yi laifi ba tukuna. Akan ajiye masu gajeren ɗauri a can su ma, amma da yawan mazauna gidan jiran hukunci suke yi, wani kuwa rashin kuɗin beli ne kawai ya zaunar da shi. Mutum irin wannan ba shi da baki. Abincinsa, maganinsa, barcinsa, duk suna hannun mai riƙe da makulli.

Ga inda gizo ke saƙa. A yawancin wurare ba naɗa sherif ake yi ba, zaɓensa ake yi, galibi duk bayan shekara huɗu. Majalisar gunduma ita ma zaɓaɓɓiya ce. A Los Angeles wakilai biyar ne suka yi shekaru suna riƙe da ita. Tun da jama'a ne suka ɗora sherif kamar yadda suka ɗora su, 'yan majalisa ba su da ikon ce masa kama wane, saki wane. Shi ke da sanda. Amma lalita tana hannunsu: su ne ke yanke kasafin ofishinsa, wanda ya haura dala biliyan uku a shekara. Albashi, man mota, abincin tsararru, duk sai sun sa hannu.

Daga lalitar nan ne kuma ake biyan ofishin mai gabatar da ƙara, da ofishin lauyoyin da ke kare talaka kyauta. Los Angeles ce ta fara buɗe irin wannan ofishi na lauyan talakawa a duk Amurka, a 1914. Alƙalai su kam na jiha ne, majalisar gunduma ba ta da ta cewa a kan hukuncinsu.

Karatu na biyu: Shekara goma sha ɗaya ana ja-in-ja

An daɗe ana jin ƙorafi cewa ma'aikatan sherif suna jibgar tsararru a gidajen waƙafin Los Angeles. A 2011 hukumar binciken tarayya, FBI, ta shiga maganar a asirce. Ta sa aka shigar wa wani tsararre wayar salula don ya riƙa ba ta labari. Ma'aikatan suka gano wayar. Maimakon su binciki masu dukan, sai suka ɓoye mutumin. Suka riƙa sauya masa wuri da suna don kada jami'an tarayya su same shi. Har suka je gidan wata jami'ar FBI suka yi mata barazanar kamu.

Sherif na lokacin, Lee Baca, yana kan kujerar tun 1998. Me majalisa za ta iya yi masa? Ba ta iya tsige shi ba. Sai ta kafa kwamitin bincike, ya saurari shaidu, ya fito da rahoto a 2012 wanda ya ɗora laifi a kan shugabancin ofishin. Baca ya ajiye aiki a farkon 2014. A 2017 kotun tarayya ta same shi da laifin yi wa shari'a zagon ƙasa da yi wa masu bincike ƙarya, aka yanke masa shekara uku. Mataimakinsa, Paul Tanaka, ya sami shekara biyar.

Ku lura, kotun tarayya ce ta ɗaure su, ba majalisar gunduma ba. Abin da ya rage wa majalisa shi ne ta toshe ramin. A 2014 ta buɗe ofishin babban mai bincike, wanda ba ya ƙarƙashin sherif, aikinsa ya shiga gidan waƙafi ya gani da idonsa. A 2016 ta kafa hukumar farar hula mai mutum tara don sa ido. Amma hukumar ta fara aiki ne kamar kare marar haƙori: tana iya gayyata, ba ta iya tilastawa. Sai a watan Maris na 2020 jama'a suka kaɗa ƙuri'a suka ba ta ikon aika sammaci.

Sammacin ma bai kashe wutar ba. Sherif Alex Villanueva, wanda aka zaɓa a 2018, ya sha ƙin amsa kira, yana cewa jama'a ne suka zaɓe shi, su zai yi wa bayani. A 2019 majalisa ta riƙe sama da dala miliyan 140 daga kasafinsa, saboda ofishinsa ya kashe fiye da abin da aka ware masa. Wannan makami ne mai baki biyu. In aka matse lalita da yawa, ba sherif ne zai kwana da yunwa ba. Sintiri ne zai ragu a unguwa, tsararre kuma ya rasa magani.

A watan Nuwamba na 2022 mutanen gundumar suka yanke hukunci biyu a rana ɗaya. Suka kayar da Villanueva, suka zaɓi Robert Luna. Suka kuma amince da sabuwar doka: in sherif ya yi babban laifi a bakin aiki, wakilai huɗu cikin biyar za su iya cire shi. Masu adawa da dokar sun ce an ba mutum huɗu ikon soke ƙuri'ar miliyoyi. Maganarsu ba ta banza ba ce, don 'yan majalisa su ma 'yan siyasa ne, suna da ƙiyayya da son kai kamar kowa. Amma mu a ganinmu, tsararren da aka karya wa haƙarƙari a yau ba zai iya jiran zaɓen shekara huɗu ba.

Me ya sa majalisa ta nace haka? Tausayi yana ciki, amma har da kuɗi. In ma'aikacin sherif ya zalunci mutum, kotu ta yanke diyya, gunduma ce ke biya daga harajin jama'a. Bayan hatsarin jirgi mai saukar ungulu da ya kashe ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant a 2020, wasu ma'aikatan sherif da na kwana-kwana sun ɗauki hotunan gawarwaki suna nuna wa mutane. A 2023 gundumar ta amince ta biya matarsa da 'ya'yansa kusan dala miliyan 29.

Wani abu kuma: zaman majalisar a fili ake yinsa. Dokar jihar Kalifoniya ta 1953 ta ce a liƙa jerin abubuwan da za a tattauna awa 72 kafin zama, kuma a ba duk wanda ya zo damar magana. Wanda bai iya karatu ba zai wuce takardar nan a bango bai san maganar ɗansa ce a ciki ba.

Hira a aji

A karanta wannan da murya. Mutum ɗaya ya zama malam, ɗaya ya zama dattijo.

"Gafarta malam, wannan ai labarin En'e kake ba mu."

"Kamar yaya, Baba?"

"Muna yara, 'yan doka na En'e ne. Gidan yari na En'e ne, kotun alƙali ma haka. Daga baitulmali ake biyansu, da harajinmu da jangalinmu."

"Gaskiya ne, Baba. To wa ke tambayarsu in sun yi ba daidai ba?"

"Tambaya? Malam, mai sandan da mai lalitar ai gida ɗaya suke kwana. Ka tambayi tsofaffin 'yan NEPU abin da suka gani."

Baba bai yi kuskure ba. A ƙarshen shekarun 1960, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka karɓe waɗannan abubuwa daga hannun En'e. 'Yan doka suka narke cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya, gidajen yari suka koma tarayya, kotunan alƙalai suka koma hannun jihohi. Yau sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar. Saboda haka shugaban ƙaramar hukuma, a duk cikin 774 ɗin da muke da su, ba ubangidan DPO ba ne. Shi ya sa gardamar 'yan sandan jihohi, in ta tashi, dattawa sukan tuna zamanin 'yan doka.

Duk da haka akwai ƙofofin da za ku iya ƙwanƙwasawa. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta umarci babban majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda kowane wata ya duba tsararru, jihohi da dama kuma sun yi tasu dokar irin wannan. Ƙananan hukumomi sukan taimaka wa 'yan sintiri da jami'an tsaro da mota, mai ko alawus. Wannan kuɗin jama'a ne, kansilan mazaɓarku kuwa maƙwabcinku ne.

Lissafi

1. Mutum miliyan 10, wakilai 5. Kowane wakili yana wakiltar mutum nawa?
2. Awa 72 kwana nawa ne? In za a yi zama ranar Talata da safe, wace rana ce ta ƙarshe da za a liƙa takarda?
3. Daga 2011 zuwa 2022 shekara nawa ke nan?
4. A raba dala miliyan 29 ga mutum miliyan 10. Kowa ya biya kusan dala nawa?
5. Wakilai uku sun ce a cire sherif, biyu sun ce a'a. Ya tafi ko yana nan? Faɗi dalili.

Ga malami: tambaya ta huɗu takan ba da wuya saboda yawan sifiri. Nuna musu yadda ake soke sifiri shida a kowane ɓangare, ya rage 29 a raba 10. Ka kawo tsakuwa ko ƙwayar wake in da hali.

Aikin rubutu

Yau za mu rubuta wasiƙar tambaya. Ba wasiƙar zagi ba ce, ba kuma ta roƙo ba. Tambaya ɗaya tak ake sa wa a ciki, wadda amsarta lamba ce ko kwanan wata, don irinta ta fi wuyar kauce wa. In ka rubuta "me ya sa ba ku damu da tsaro ba", za a ce maka an damu ƙwarai, magana ta mutu. In ka rubuta "naira nawa", dole a buɗe littafi ko a yi shiru, shirun ma amsa ce da za ka iya nuna wa mutanen unguwa.

Ku kwafi wannan a littafinku, ku cike guraben:

Unguwar ________
Kwanan wata ________

Zuwa ga Kansilan Mazaɓar ________

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu mazauna unguwar ________ muna neman sanin naira nawa ƙaramar hukumarmu ta ware wa 'yan sintiri a kasafin shekarar ________, da kuma nawa aka riga aka fitar zuwa yau. Muna kuma son sanin ranar da majalisa za ta yi zamanta na gaba.

Mun gode.

Suna da sa hannu ________

A rubuta kofi biyu. Ɗaya a miƙa, ɗaya kuma wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kai, ku dawo da shi gida. Ku je ku biyu ko uku, kada mutum ya je shi kaɗai. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya rubuta sunansa da kwanan wata da kansa, abokin zamansa ya taya shi da sauran.

Kafin zama na gaba, kowa ya tambayo sunan kansilan mazaɓarsa da sunan kotun da ta fi kusa da gidansa, ya rubuto su a bayan wannan shafi. Mata da ke ajin yamma su tambayo har da ranar da ake zaman kotun.