Kurakuran da aka fi yi wajen saye da adana caniya coli, kayan matan Gujarat

Da yawa daga cikinmu duk kayan Indiya da muka gani sai mu ce sari. To caniya coli ba sari ba ne. Sari ƙyalle ɗaya ne dogo da ake naɗawa a jiki, shi kuwa wannan kaya uku ne: siket mai faɗi da ake kira caniya, 'yar riga mai suna coli, da mayafin da suke cewa odni. Matan jihar Gujarat da ke yammacin Indiya ne suka shahara da shi, musamman a darare 9 na bikin Nabaratiri na mabiya addinin Hindu, wanda ke faɗowa a Satumba ko Oktoba. A nan ake rawar garba, wadda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2023. Idan kika gaya wa mai kaya sari kike so, sari zai ba ki, kuma ba shi da laifi.

Babban kuskure shi ne mantawa cewa kayan juyi ne. Garba a da'ira ake yin ta, yawanci ba takalmi, ana tafi ana jujjuyawa har dare ya tsala. Shi ya sa ake yi wa ƙasan siket ɗin faɗi na mita da yawa, don ya buɗe kamar lema in an juya. Sai ki ga mace ta zaɓi wanda aka cika wa duwatsu, nauyinsa kamar buhun gero, ta sa shi minti ashirin ƙugu ya fara ciwo. Ki ɗaga shi da hannu ɗaya a shago. In ya rinjaye ki, ajiye. Tsawon ma a auna shi da ƙafa a ƙasa, ya tsaya daidai idon sawu. Wadda ta auna da takalmi mai tsini, ranar da ta cire takalmin ita da kanta za ta riƙa take kalmasarsa.

Sai maganar madubi, kuma nan aka fi cutar masu saye. Aikin asali, irin na matan ƙabilun Rabari da Ahir da Mutwa a gundumar Kac ta jihar Gujarat, ƙananan madubai ne na gilashi da ake ɗaurewa da zare. Mai ɗinkin tana gitta zare a kan madubin, sannan ta bi gefensa da allura har ya zauna daram cikin zobe. Babu gam a ciki. Na bogi kuwa roba ce mai ƙyalli da aka manna, wanki ɗaya ta fara zubewa. Ki sa farce ki ɗan taɓa gefen, sannan ki juya ƙyallen ki duba bayansa. Ɗinkin hannu za ki ga ƙulle-ƙullen zare da ɗan bambanci tsakanin fure da fure. Na inji komai iri ɗaya ne sak. Ba haramun ba ne sayen na inji, ko a kasuwar Law Garden ta birnin Ahmadabad da ke Gujarat an cika shi, amma kada ki biya kuɗin na hannu a kansa.

Rigar kan zo da baya a buɗe, igiyoyi kawai ake ɗaurewa, domin haka tsohon yankan yake. Wasu sai su jibga wata riga a ciki, kwalliyar ta lalace. Gara ki kai wa tela ya sa shafi da yadi mai launin rigar, ya ƙara mata tsawo da hannu. Ki dai ja masa kunne kada almakashinsa ya shiga cikin aikin zaren, don ɗinki ɗaya in ya yanke, sauran sai su bi shi su warware.

Wanki kuwa, Allah ya kiyaye injin wanki. Yana fasa madubi, ƙwayoyin wuri na ado da aka jera a bakin siket su tsittsinke. Mayafin sau da yawa bandani ne, wato rinin ɗauri irin wanda garuruwan Jamnagar da Buj na Gujarat suka yi suna a kai. Duk wadda ta san kayan marinar Ƙofar Mata ta san sabon rini yana zuba. Ruwan sanyi, sabulu marar ƙarfi, kowane launi a bokitinsa, ba jiƙawa, ba murɗawa, a shanya a inuwa. 'Yan tudun nan da ke jikin bandani kuma ba yamutsewa ba ce, sawun ɗaurin ne, shi ne shaidar aikin hannu. Na ga wadda ta sa dutsen guga ta lafe su tas, tana murna ta gyara. In dole sai an goge siket, a juya bayansa, a shimfiɗa farin ƙyalle a kai, wuta kaɗan.

Kada a rataye shi wata da watanni, nauyin aikin yana ja har ƙugun ya saki. A ninke shi da aikin a ciki, a naɗe da farin yadin auduga maimakon leda, sannan a riƙa sauya wurin ninkin lokaci-lokaci. Mazagin ƙugun ma a zare shi a duba kafin ranar sawa, in ya fara cinyewa a zura sabo.