Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Gareji da Kayan Aikin da Aka Bari a Cikinsa

Ranar da muka fasa kwaɗon garejin kawuna, shekara tara bayan ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida, ba mu gama tura ƙofar ba sai ga 'yan gwangwan biyu tsaye da kura da sikeli. Har yau ban san wanda ya tsegunta musu ba. Suka ce su kwashe komai a kilo, su bar mana fili fes. Da mun yarda, da bais (abin matse ƙarfe a kan benci) ƙirar Record da ƙato ɗaya ba ya ɗagawa da daɗi, da akwatin sifanu da ya girme ni, duk sun tafi a farashin ruɓaɓɓen kwano. Don haka abu na farko: ka sallami mai sikeli da girma da arziki, ka ce ya dawo bayan wata biyu. Rabonsa na nan, amma sai ka tantance.

Mataki na 1: Fara da mutane, ba da tsintsiya ba

Yawancin irin waɗannan garejin gado ne, ko haya ce da aka daɗe ba a waiwaya ba. Zauna da magada a rubuta wa ke da fili, wa ke da kaya, wa zai zuba kuɗi. Gyara ba ya tashi da rigima sai ranar da fenti ya bushe, wuri ya yi kyau. Matattun motocin da ke kwance a harabar kuma ba naka ba ne. Nemi masu su ko 'ya'yansu, ka sanar da mai unguwa da reshen ƙungiyar kanikawa ta NATA da ke kusa kafin ka ja ko ɗaya.

Sannan ka nemo tsofaffin yaran garejin, waɗanda yanzu su ma iyayen gida ne. Za ka tarar da ƙarafan da ba ka san kansu ba, wani a lanƙwashe, wani an yi masa walda a baki. Ba shara ba ne. Da yawa mai garejin ne ya ƙera su don wata kusa guda da hannu ba ya kaiwa. Kallo ɗaya tsohon yaro zai yi ya gaya maka na wace mota ne.

Mataki na 2: Shigar farko

Buɗe ƙofofi da tagogi ka bar iska ta wuce wuni guda. Sa takalmi mai rufi da safar hannu, ka riƙa ɗaga abu da sanda. Tsohuwar taya gidan kunama ce, ƙarƙashin benci kuma na maciji, rina tana can jikin rufi.

Ramin gyara shi ne wurin da ya fi haɗari. Tururin fetur ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya. Kada ka leƙa da ashana, kada wani ya zo da sigari. Kwashe ruwan da ya taru, ka duba ko bangon ya tsage ko matakalar ta zaizaye.

Ƙura ma a yi hattara da ita. Takalman birki da farantin kuloci na da, da farin silin da ake sawa a gine-ginen wancan zamani, da yawansu akwai asbestos a ciki, kuma zarensa in ya shiga huhu ba ya fita. Kada ka share a bushe, kada ka hura da iska. Yayyafa ruwa, ka kwashe da shebur a jiƙe, ka ɗaure a buhu. Tsofaffin batura a fitar da su a tsaye a kai wa masu saye. Inda ruwan batir ya zube, jiƙa kanwa ka kwara. Duk mai girki ta san kanwa ke kashe tsami, nan ma aikin ke nan.

Mataki na 3: Rufi, sannan ƙasa

Wanda ya goge sifana alhali rufinsa na yoyo, aikin baban giwa ya yi. Fara da rani, ka tabbata rufi ya kammala kafin ruwan farko. Soka wa kowane katako sukudireba. Inda ya nutse, gara ta riga ka. Gungumen da ake rataya cen-bulok (sarƙar ɗaga injin mota) a jiki kuwa kada ka yi masa kara ko kaɗan: in katako ne, sauya shi da ƙarfe.

Daben da ya sha baƙin mai shekara talatin ba ya karɓar sabon siminti. Zuba garin katako ko toka ya kwana biyu, kankare, wanke da ruwan zafi da garin sabulu. Inda man ya ratsa can ciki, fasa wurin kawai ka sake zubi. Baƙin man da ke cikin durom kada ya shiga kwata ko kusa da rijiya. Akwai masu saye.

Mataki na 4: Rarraba kaya, ka karanta abin da ke jikinsu

Shimfiɗa tamfol ka kasa kaya gida uku: ƙarfe zalla, kamar sifana da guduma da bais, abin da ke ɗaukar nauyi ko riƙe iska ko wuta, sai abin da ya mutu murus. Kashin farko tsufa ba ya yi musu komai. Kashi na biyu kuwa su ne ke kai mutum asibiti, a nan za ka kashe kuɗinka da hankalinka.

A akwatin kawuna mun sami sifanu kala uku, kuma tarihin hanyoyin ƙasar nan ne a kwance. Kafin Nijeriya ta koma tuƙi a gefen dama na titi a 1972, motocin Ingila ne suka cika titi, su Bedford da Austin da Land Rover. Da kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna a 1975, Fijo ta mamaye ko'ina, ma'aunin milimita ya zama ruwan dare. Saboda haka za ka ga mai lamba zalla, 10, 13, 17: ta milimita ce. Mai AF ta inci ce, kuma lambar faɗin bakinta take nufi. 1/2 AF milimita 12.7 ke nan. Mai W ko BSW ko BS ita ce ke ruɗa yara. Ma'aunin Whitworth ne, wanda Joseph Whitworth ya tsara a Ingila a 1841, kuma lambar kaurin kusar take faɗa, ba faɗin notin ba. Shi ya sa sifana mai 1/4 W bakinta ya ɗan haura milimita 13. Yaro zai ɗora ta a noti 13, ta shiga da ɗan wasa, ya ja, ya cinye kusurwar notin. Ware su daban, ka shafa musu jan fenti a gindi. Kada ka zubar: ranar da aka jawo tsohuwar Land Rover daga ƙauye, kai kaɗai ne mai maganinta a layin.

In ka ga King Dick, Britool, Gedore ko Facom a jikin ƙarfe, riƙe shi da kyau. Je ka Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka tambayi kuɗin tsohuwarsu, ka kwatanta da sabuwa mai ƙyalli, za ka gane abin da mai sikeli ya hango.

Mataki na 5: Cire tsatsa

Fara da wanke maiƙo da kananzir da buroshi, domin ba abin da ke cin tsatsa ta saman giris. Fetur ba abin wanki ba ne, ko da kowa na yi.

Tsatsa mai sauƙi, buroshin waya da samfefa da ɗan mai sun isa. Mai kauri, jiƙa a binega ta kwana ɗaya, kana dubawa. Ruwan tsamiya mai kauri ma yana yi, sai dai da nawa. Kada ya wuce kwana guda, don tsamin in ya gama da tsatsa ƙarfen zai koma ci. Ɗauraye da ruwan kanwa, shanya a rana, shafa mai nan take. Ƙarfen da ya fito daga tsami tsirara yake, kafin la'asar ya sake yin ja.

Ga manyan kaya kamar bais, hanyar da na fi so ita ce ta cajar batir. Sami bokitin roba, zuba ruwa lita 10 da sodar wanki cokali uku. Saka guntun rodi a gefe ka maƙala masa jan kan wayar cajar. Baƙin kai a jikin abin da kake son gyarawa. Kada ƙarafan biyu su taɓa juna, kada jan kan ya nutse a ruwa. Kunna, za ka ga kumfa na tashi. Zuwa safe tsatsar ta koma baƙin dauɗa da buroshi ke sharewa, rodin kuma ya yi kaca-kaca. In ka juya kawunan, kayan aikinka ne zai cinye. A waje ake yi, domin iskar da ke fita tana kamawa da wuta. Ban da gishiri, ban da ƙarfen da ba ya tsatsa a madadin rodi. Tsohuwar caja mai nauyin nan ta fi dacewa. Sababbin masu wayo sukan ƙi tashi in ba su ji batir ba.

Abin da ya ƙi motsi, kamar filaya ko zaren bais, ɗiga masa man giyar mota da kananzir, ƙwanƙwasa a hankali, ka dawo gobe. Bais zubin ƙarfe ne, in ka sa masa dogon bututu ka danna da ƙarfi, fashewa zai yi ba lanƙwasa ba. Guduma a sake mata ƙota. Kurfin da kansa ya baje kamar lema a gyare shi a dutsen wasa ƙarfe, don ɓarɓashinsa ido yake nema.

Mataki na 6: Masu ɗaukar rai

Jak: zubar da tsohon mai, sauya robobin ciki, zuba man jak. Man birki yana kumbura robobin ya lalata su, ko da wani ya rantse maka shi yake sawa. Buɗe bawul ka buga hannun sau goma iska ta fita. Ɗaga mota, yi alama da alli, ka koma gefe rabin awa. In ya sauka, bai gyaru ba. Ko ya gyaru, ba a shiga ƙarƙashin mota sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe. Bulon siminti ba ya gargaɗi kafin ya ruguje.

Kwamfuresa: daga ciki take ruɓewa, inda ido ba ya gani, saboda iskar da ake matsawa tana barin ruwa a gindin tanki. Kwance kusar ƙasa. In jan ruwa da ɓawon tsatsa suka yi ta zuba, ko ka ga tabon walda a jikin tankin, ajiye shi cikin rabon mai sikeli, ka huda shi tukuna don kada wani ya saya ya yi aiki da shi. Kan injin da motarsa sukan gyaru, sai a ɗora su a sabon tanki. In kana shakka, masu gwaji da ruwa suke cika tanki su matsa shi ya kai ninki ɗaya da rabi na aikinsa. Ruwa in ya sami kafa tsiyaya yake, iska kuwa bam ce. Ja zoben bawul ɗin kariya ka ji yana saki.

Cen-bulok: bi sarƙar ido-ido. Wanda ya miƙe, ko ya sirance, ko ƙugiyar da bakinta ya buɗe, sauyawa ake yi, ba walda ba. Dutsen wasa ƙarfe: cire shi, rataye a yatsa, ƙwanƙwasa da ƙotar katako. Mai lafiya ƙara yake kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa "ƙwaf". Tukunyar kabaid ta waldar gas da tsofaffin tiyoyinta ni dai ban tsaya gwada su ba.

Mataki na 7: Wuta da jera kaya

Wayar da ta shekara arba'in ɓera ya ɗanɗana ta, robarta ta bushe. A zare duka, mai aikin lantarki ya ja sabuwa, ya kafa sandar ƙarfen da ke kai wutar da ta kauce ƙasa, ya ware layin injin walda. Fitilar cikin rami ta zama ta batir mai bolt 12.

Daga nan sai allo. Kafa faffaɗan katako a bango, buga ƙusoshi, rataya kowane ƙarfe, ka zagaye siffarsa da farin fenti. Da magariba kallo ɗaya zai nuna abin da bai dawo ba. Tsohon allon suna na ƙofa, in rubutun na karantuwa, wanke shi kawai ka shafa banish. Masu tsofaffin motoci sunan suke nema.

Da muka gama, muka ɗauko kawu a Keke Napep. Bai kalli sabon rufin ba, bai kalli fentin ba. Ya dogara sandarsa har gaban allon, ya daɗe yana bin layin masu jan gindi da ido, sannan ya juyo ya ce, "Kai ɗan nan, ina 5/16 ɗina?" Na ce, "Kawu, iya abin da muka tarar ke nan." Ya ce in je in duba cikin tsohuwar Fijo 404 ɗin da ke bayan gida, ƙarƙashin kujerar direba. Tana nan kuwa, naɗe a tsumma.