Fafutuka a kafafen sada zumunta: inda muke yawan yin tuntuɓe

Kullum ka buɗe Facebook ko X sai ka tarar da matasanmu suna rubutu a kan rashin tsaro, tsadar abinci da asibitocin da babu magani. Ɓacin ran na gaskiya ne, dalilinsa kuma a fili yake. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin wannan rubutu a waya yake ƙarewa, ko rijiya ɗaya ba a gyara ba.

Babban kuskurenmu shi ne kuka ba tare da buƙata ba. Ka rubuta "shugabanni sun ci amanarmu", mutum dubu su yaba, amma wa zai amsa? Maganar da ta haɗa kowa ba ta kama kowa. Dubi abin da ya faru da Bagega, a ƙaramar hukumar Anka ta Zamfara. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a jihar. An tsabtace wasu ƙauyuka, Bagega ta rage, likitoci kuma ba za su fara yi wa yaranta magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, don in an warkar da yaro gida zai koma ya sake shaƙar ƙurar. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗin aikin, shiru. Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money, masu fafutukar bin diddigin kuɗin gwamnati, suka riƙe magana ɗaya tak: a saki kuɗin Bagega. Suka yi ta nanata ta, suna ambaton masu ikon sa hannu, har kuɗin suka fito a farkon 2013. Don haka kafin ka wallafa, tambayi kanka me kake so a yi, kuma a teburin wa takardar take. 'Yan sanda na tarayya ne, makarantar firamare da ƙaramin asibitin mazaɓa kuwa na jiha da ƙaramar hukuma ne. In ka kai ƙarar rufin aji fadar shugaban ƙasa, ka sauƙaƙa wa ciyaman ɗinka.

Sai kuskuren da ya fi ba ni tsoro: tura hoton da ba ka san asalinsa ba. A watan Yunin 2018, bayan kashe-kashen Gashish a Filato, hotuna masu tayar da hankali suka bazu a Facebook. Binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikinsu, na wani jariri, ya riga ya fito a Facebook watanni kafin rikicin, wani bidiyo kuma a Kongo-Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. Amma kafin gaskiya ta fito an riga an tare hanya an kashe matafiya. Wanda ya tura hoton yana jin taimakon 'yan'uwansa yake yi. Gyaran ba shi da wuya. Saka hoton a Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa. Duba lambar mota, rubutun allon shago, kakin jami'ai, har ciyawa: an ce jiya ne cikin rani, ga masara kore shar a baya? In kuma ka riga ka tura ƙarya, ka gyara a daidai wurin da ka tura ta, da sunanka. Goge ta a ɓoye ba ya dawo da ita daga wayoyin mutane.

Da yawa kuma suna zargi hannu rabbana. Kiran mutum ɓarawo ba hujja ba ce, kuma an sha kama masu rubutu da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Rubuta abin da za ka iya tsayawa a kai gaban alƙali: ga abin da aka ware wa wannan aiki a kasafin kuɗi, ga hoton wurin da na ɗauka ranar kaza. Tracka, wani shiri na ƙungiyar BudgIT mai sa ido kan kasafin kuɗi, tana bin diddigin ayyukan mazaɓu, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikatun tarayya kwana 7 su amsa buƙatarka. Ka ajiye kwafin wasiƙar da suka buga wa hatimi.

A nan zan ɗan ratse. Wanda ke karɓar kuɗin data daga ɗan siyasa ya fito ya faɗa. Sojan baka a rediyo kowa ya san gidan da yake karewa. Illar tana wajen wanda ke sanye da rigar ɗan gwagwarmaya alhali akwai mai ciyar da shi, domin ranar da asiri ya tonu har masu gaskiya a daina yarda da su.

Kada kuma ka ɗauka yawan masu bibiyarka shi ne yawan jama'arka. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Dokar rage shekarun takara da aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018, wadda ta mayar da shekarun neman majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, ba a waya kaɗai aka same ta ba. Gyaran tsarin mulki na buƙatar amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, sai da matasan suka bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafa. Kuma mun ga yadda aka rufe Twitter (X ta yanzu) a Najeriya wata 7, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Wanda duk jama'arsa a can suke, ranar nan ya wayi gari shi kaɗai.

Matar da ke tafiyar awa guda neman ruwa ba ta karanta dogon Turancinka. Mayar da bayanin saƙon murya na minti biyu da Hausa, ka tura zaurukan WhatsApp na unguwa, ka kira shirin rediyo na safe. Ka kai wa mai unguwa da limami kwafin takardar. Sannan ku ɗauki mutum goma, da mata a ciki, ku je ofishin kansila ranar aiki, ku tambaye shi ranar da za ku dawo jin amsa, ku rubuta ta a gabansa.