Yadda ake mayar da tsohuwar tirelar soja ta zama ta kwanan daji

Duk sabon shigar da na gani a wannan harka a nan Amurka, daga sama yake fara gini. Zai sayo tsohuwar tirelar soja yau, kafin mako ya zagayo ya ɗora mata tanti da rumfa da ƙaramin firiji, alhali bai taɓa durƙusawa ya leƙa ƙarƙashinta ba. Ni ma haka na yi, kuma na ji a jikina. Saboda haka daga ƙasa zan fara.

Ba tirelar ɗaukar siminti nake nufi ba. Ƙaramar nan ce mai taya biyu da jif ɗin soja ke ja a baya.

Na farko, zaɓi wadda motarka za ta iya ja. Iri uku ne suka fi yawo a hannun mutane. Akwai M416, wadda aka yi wa jif samfurin M151 a zamanin yaƙin Biyetnam. Nauyinta ita kaɗai kusan kilo 260 ne, bodinta ƙafa 6 a tsawo, kuma kayan da aka ƙayyade mata a hanyar daji ba su wuce kilo 230 ba. Akwai M101, mai bodi ƙafa 8, wadda ta haura kilo 600 tun ba a sa mata ko tsinke ba. Sai M1101 da M1102 da aka yi wa Humvee, babbar jif ɗin sojan Amurka, masu bodin alminiyam, masu faɗi da tsayi. Mutanen Ingila kuma suna da tasu, Sankey, abokiyar tafiyar Land Rover. A wurina M416 ce kawai tirelar daji, domin faɗinta ya yi daidai da na ƙaramar mota, duk inda mota ta kutsa ita ma za ta bi. Matsalarta tsada, kowa ita yake nema. M1101 ta fi sauƙin samu a gwanjon GovPlanet, inda ake sayar da rarar kayan sojan Amurka tun 2014, amma kada arha ta ruɗe ka idan motarka ƙarama ce. Ranar da kuka gangaro daga kan dutse, ita ce za ta tuƙa ka.

Kada ka biya ko sisi sai ka ga takarda. Wadda ta fito daga gwamnati tana zuwa da fom mai suna SF-97, da shi ake zuwa a yi rajista a karɓi lamba. Tirela marar takarda ado ce kawai a tsakar gida.

Da ta iso gida, kwance bodin daga kan shasi. Ba zan tsaya koya maka kwance noti ba. Abin dubawa shi ne tsatsa a inda sifirin ke manne da shasi, da kuma ƙasan bodi inda ruwa ke kwanciya. Ɗauki guduma ka bubbuga, ƙarfen da ya ruɓe ba ya ɓoye muryarsa. Wajen kankare fenti kuma ka yi hattara: sojoji na amfani da wani fenti da ake kira CARC, ƙurarsa da hayaƙinsa guba ne ga huhu, tsofaffin kuma ana iya samun dalma a fentinsu. Tsumma a hanci ba ya maganin wannan, sai takunkumi na gaske mai matata. Kuma a kankare wuri tas kafin a kai masa walda.

Yanzu ga inda na ji a jikina, aksul da tayoyi.

Mutumin da ya sayar mini da tawa ya ce ba a daɗe da sa mata giris ba. Na juya taya da hannu, ta juya lafiya, na ce shi ke nan. Tafiyata ta farko, ina cikin hamadar jihar Yuta, nesa da kwalta, sai na fara jin ƙauri. Da na tsaya, ko kusa da cibiyar tayar hagu ba na iya kai hannu saboda zafi. Na buɗe, sai ga giris ya daskare kamar tsohon sabulu, boris ya yi shuɗi don ƙuna, ya kuma ci jikin ƙarfen da yake zaune a kai. Ga tanti sabo fil a sama, ga tirela ta ƙi tafiya. Nan na bar ta kwana biyu ina neman kayan gyara.

Don haka ko wa ya rantse maka, cire tayoyin biyu, fito da boris na ciki da na waje, wanke su da kananzir, ka duba su a rana. Ka ga tabo ko canjin launi, jefar. Ni ma dai shawarata a canza duka, har da zoben da suke gudu a ciki da robar da ke tare giris, kuɗinsu bai kai na cika tankin mota sau ɗaya ba. Wajen cusa giris, zuba shi a tafin hannu ka riƙa danna boris a kai har sai ya ɓullo ta ɗaya gefen, ba shafawa ake yi kamar man shafawa ba. Notin tsakiya kuma a ɗaure shi ana juya taya har komai ya zauna, sannan a sassauta kaɗan a sa fil. Wanda ya ɗaure shi tamau ya ƙona sabon boris da hannunsa. Bayan tafiyar kilomita 20 ta farko, tsaya ka taɓa. Ɗumi ba laifi, zafi kuwa magana ce. Kuma ka ajiye saiti ɗaya cike da giris a cikin leda, ya zauna a tirela har abada.

Sai tayoyi. Kada zanen da ke jikinsu ya burge ka, taya na tsufa ko ba ta taka ƙasa ba. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In lambobin uku ne, an yi ta kafin shekarar 2000, ba ta da sauran amfani sai dai a shuka fulawa a ciki. Doka a wurina ita ce tayar tirela ta zama iri ɗaya da ta mota, girma da ramukan noti, yadda safaya ɗaya za ta yi wa kowa. M416 na da noti 5 a da'irar inci 5.5, M1101 na da 8 a inci 6.5, rim ɗinta kuma inci 16.5 ne, girman da ba kowane mai taya ke ajiyewa ba. In bai dace da motarka ba, kada ka wahalar da kanka da ƙarfen haɗi da ake sawa tsakanin cibiya da rim. Sayi sabon aksul mai ɗaukar kilo 1,600 da ramukan da kake so. A nan za ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin M416 burkin hannu kawai gare ta, sabon aksul kuwa ana samunsa da burkin lantarki. Ajiye tsohon, masu tara kayan tarihi za su saya.

Maganar mahaɗi: tirelar soja zobe gare ta, mota kuma sai an sa mata ƙugiya. Yana ƙara kamar maƙera, amma yana lanƙwasa ta kowace fuska, kuma ba ya ɓallewa a rami yadda mahaɗi mai ƙwallo na tirelar gama-gari ke yi. Ka bar shi. Kawai ka tabbata tirela na zaune daidai idan an haɗa, ba ta ɗaga hanci ba, ka kuma gicciya sarƙoƙi biyu a ƙarƙashi. In akwai hali, ƙara wa wuyanta tsawo yadda ƙofar bayan mota za ta buɗu, ribas ma zai yi sauƙi.

Wutarta bolt 24 ce, motarka 12. Wasu na canza kwan fitila kawai. Ni na fizge tsofaffin wayoyin gaba ɗaya na ja sababbi ta cikin shasi, na sa fitilun LED, aikin yini guda.

Sai yanzu ne za a yi maganar sama, kuma ba ta da wuya. Murfi mai roba a baki saboda ƙura, ƙarafa huɗu na ɗaukar tanti, kuma a ɗaure su a shasi. Kada tantin ya yi tsayi, domin kilo 60 a can sama ya isa ya kifar da ƙaramar tirela a gefen tudu. Ruwa da batir su zauna ƙasa, kan aksul ko ɗan gaba da shi. Lissafa da kyau: jarka huɗu masu lita 20 kilo 80 ne, haɗa da tanti da murfi, ka kusa cinye abin da M416 ke ɗauka ba ka sa tukunya ba. Tukunyar gas a waje take zama, ba a cikin bodi ba.

Bayan ka loda komai, ɗora wuyan tirelar a kan sikeli. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukan nauyin ya kamata ya sauka a wurin. In ya gaza haka za ta riƙa kaɗa wutsiya a kan babbar hanya, sai ka matso da jarkoki gaba ka sake aunawa.