Kurakuran da suka fi kashe shuka a lambun gida, da yadda ake gyara su

Tumatir ɗin farko da na dasa a tukunya, ruwa ne ya kashe shi. Safe da yamma sai na kwarara masa. Da na ga ganyen ya yi yaushi ya soma rawaya, sai na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara. Ranar da na tumɓuke shi na tarar saiwar ta yi baƙi, ta narke, tana tashin ɗoyi. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin da na sa yatsa a ƙasar sau ɗaya da na gane.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa. Saiwa tana shaƙar iska kamar yadda take shan ruwa, kuma iskar tana cikin ƙananan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ruwa ya cike ƙofofin ya kwanta, saiwar ta shaƙe, ta ruɓe, ta daina kai ruwa ga ganye. Shi ya sa shukar da ruwa ya yi wa yawa take kama da wadda ƙishi ya kama. Gyaran kuwa ba shi da wuya. Kafin ka ɗauki butar ban-ruwa, tura yatsa cikin ƙasar kamar santimita 3 zuwa 5. In ka ji danshi, ka bari sai gobe. In ta bushe, ka zuba sosai a gindin shukar har ya ratsa ƙasa, ba yayyafi a kan ganye ba. Yayyafin kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, rana ɗaya mai zafi sai ta galabaita. Da sassafe ya fi, don ganyen da ya kwana a jiƙe shi ne ke fara kamuwa da ciwo.

Amma kuma kada a tashi daga wannan gefe a faɗa wancan. Tumatir da ya sha fari kwana biyar sannan aka cika shi da ruwa lokaci guda, 'ya'yansa kan tsage, ko gindinsu ya yi baƙi ya lotse. Mutane da yawa kan ɗauka cuta ce su nemi magani, alhali sinadarin kalsiyam ne ya kasa isa ga ɗan saboda ruwan yau akwai gobe babu. Daidaita ban-ruwa, ka rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5, ka bar ɗan fili kewaye da karan don kada ya ruɓe.

Tukunya, bokiti ko buhu, duk abin da za ka shuka a ciki sai an huda shi a ƙasa. Zuba tsakuwa a gindin tukunyar da ba ta da huda ba ya maganin komai, ruwan yana nan kwance, sai ma ya ƙara kusantar saiwa.

Sai batun rana. Akan zaɓi lungun da ya fi kyan gani a ajiye shuka, ba a duba awa nawa rana ke yi a wurin ba. Tumatir, barkono, kokwamba da kabewa suna son rana kai tsaye ta awa 6 zuwa 8. A inuwa sai su yi tsawo siriri, su karkata wajen haske, fure kaɗan. Latas da sauran masu ganye sun fi haƙuri da inuwa. Ka ware yini ɗaya ka lura da inda inuwa ke faɗuwa da hantsi, da azahar, da la'asar, kafin ka haƙa rami ko ɗaya.

Taki ma akan wuce da shi gona da iri. Ɗanyen kashin kaji ko na dabbobi yana ƙona saiwa, sai an tara shi ya yi watanni ya huce, ya koma baƙi mai ƙamshin ƙasa. Takin zamani mai yawan naitrojin kuwa zai ba ka ganye shar abin sha'awa, amma 'ya'ya ƙalilan. In shuka ta soma fure, rage shi. Iri kuma kada a binne shi da zurfi, ninki biyu ko uku na girmansa ya isa, na latas ma a saman ƙasa ake barbaɗa shi a ɗan danna. In tsiro ya fito cunkushe, daure ka cire raunanan. Na san da wuya mutum ya tsige abin da ya shuka, amma goma a rami ɗaya babu wanda zai yi ƙwari a cikinsu. Dashe kuma da yamma ake yi, ba da tsakar rana ba.

Inda zan fi daɗewa shi ne kan feshi, domin nan ne ake yin ɓarnar da ba a ganinta nan take. Mutum ya ga huda biyu a ganye, sai ya ɗauko maganin ƙwari ya feshe lambun kaf. Maganin ba ya tambayar wane ne aboki. Yana kashe ƙudan zuma, da ƙoƙi-ƙoƙi, da gizo-gizo, da ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi wanda kan cinye ƙwarin da ke tsotsar ganye kusan 50 a yini. Masu ɓarnar sun fi masu cinsu saurin hayayyafa, don haka bayan mako biyu sai su dawo su tarar babu mai tare su. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona na duniya suna dogara, ko da kaɗan ne, ga ƙwari da sauran halittun da ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan.

A lambun gida ana ganin haka ƙarara a jikin kabewa. Furenta iri biyu ne, na namiji a kan siririn kara, na mace da ɗan ƙullutu a gindinsa. In zuma ba ta ziyarce su ba, ƙullutun ya yi rawaya ya faɗi, mai lambu kuma ya zargi iri ko taki. Idan haka ta same ka, da sassafe ka tsinko furen namiji, ka cire fatun, ka goga tsakiyarsa a tsakiyar na mace. Sannan ka shuka furanni a gefen lambun, ka bar wasu ganyaye su yi fure, zuma za ta dawo.

Kafin feshi, juya ganyen ka duba bayansa. Tsutsa ana tsince ta da hannu. Ƙananan masu tsotsa ana wanke su da ruwa mai ƙarfi, ko ruwan sabulu kaɗan. In dole sai an yi feshi, a yi da magariba bayan zuma ta koma, a shukar da ta kamu kawai, ba a kan fure ba.

Kwaɗon da ke ɓuya a bayan tukunya da ƙadangaren da ke kan katanga ƙwari suke ci, a ƙyale su. Tanar da ka gani in ka tona ƙasa ita ke huda wa iska da ruwa hanya. Na ajiye wa tsuntsaye ruwa a faranti mara zurfi, da 'yan duwatsu a ciki don zuma ta samu wurin sauka ba tare da ta nutse ba. Ina zubar da shi in sake sabo duk bayan kwana biyu, domin sauro kan tashi daga ƙwai ya zama babba cikin mako guda ko kwana goma a ruwan da ya kwanta.