Yadda za ka sayi layin data a Saudiyya idan ka je Umara

Da na raka mahaifiyata Umara, ko kayanmu ba mu ɗauka ba a filin jirgin Madina ta ce mini, "Kai, kira mini gida su ji mun sauka lafiya." Layinmu na Najeriya yana aiki a can, amma kuɗin da zai ci a minti kaɗan ya isa ya sa mutum ya sake tunani. Shi ya sa nake ba duk mai shirin tafiya shawarar ya sayi layin ƙasar tun ranar da ya sauka.

Manyan kamfanonin su ne STC, Mobily da Zain, kuma za ka tarar da wuraren sayar da layinsu a filin jirgin Jidda da na Madina. Ni na STC na saya, wanda suke kira Sawa, domin shi na fi ji a bakin waɗanda suka riga ni zuwa. Ka ce musu layin baƙi kake so, mai data, na kwanakin da za ka yi. Za su karɓi fasfonka, su duba biza, sannan ka dangwala yatsa a na'ura. Ba a yin rajista sai da wannan dangwalen, saboda haka kowa sai ya je da kansa. Yatsan Hajiya sai da aka gwada sau uku kafin ya kama, don hannun tsofaffi kan bushe. Idan da tsoho kake tafe, ka sa haƙuri.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, kada ka sayi layi a hannun masu tallarsa a bakin masauki ko a hanyar Harami, ko da sun yi maka Hausa, ko da ya fi araha. Layin da aka yi wa rajista da sunan wani ba naka ba ne. Ranar da ya daina aiki ba ka da bakin magana a ofishin kamfanin, kuma ba ka san me aka aikata da shi kafin ya zo hannunka ba. Wani dattijo a masaukinmu haka ya yi, kwana biyu layin ya mutu, ga shi ya riga ya raba wa iyalansa lambar.

Kafin ka bar gaban mai sayarwa, sa layin a waya, ka kunna data ka ga ta buɗe. Tambaye shi ranar da za ta ƙare. Lambobin can da 05 suke farawa, amma mutanen gida sai su cire sifilin su fara da +966. Idan za ka ƙara kati, ka sani akwai harajin kashi 15 cikin ɗari a kai, wato katin riyal 20 sai ka biya 23, ba cutar ka aka yi ba.

Layin gida kuwa ka bar shi cikin wayar idan mai layi biyu ce, ka dai kashe masa data, saboda ta nan saƙon banki zai riƙa shigo maka. WhatsApp ma kada ka sauya masa lamba, zai ci gaba da aiki da tsohuwar.

Data ba don hira kaɗai ba ce. Da ita za ka buɗe manhajar Nusuk ka nemi izinin shiga Rauda, da ita za ka gano hanyar masauki idan an fito sallar Isha'i, titi ya cika maƙil, gine-ginen duk sun zama iri ɗaya. Ita Hajiya ma sai da na saya mata nata layin, na rubuta lambata da sunan masaukinmu a takarda da manyan baƙaƙe, na sa mata a jakar da take ratayawa a wuya. Ranar da cunkoson ɗawafi ya raba mu, wannan takardar ta miƙa wa wata baiwar Allah 'yar Indonesiya, ita ta kira ni.